Ɗan Reijo Ya Koma Gefen Hagu

Shekara ashirin da biyu ke nan ina yi wa wata ƙungiyar Kanada ta hoki, wasan sanda na kan ƙanƙara, farautar 'yan wasa. Aikin ba wani abu ba ne illa zama a kan benci mai sanyi da kofi a hannu, kana kallon 'ya'yan mutane suna sheƙa gudu a kan ƙanƙara, kana rubuta wanda zai yi nisa da wanda zai tsaya a hanya. Kafin nan gola nake, har ranar da gwiwata ta dama ta ce ta gaji. Sunana Ilpo Raappana.

Abin ya faru ne a watan Fabrairu, a gasar 'yan ƙasa da shekara sha takwas da garinmu a nan Finland ke shiryawa kowace shekara, inda ƙungiyoyi kan zo daga Sweden da Cek da Latbiya su kara da namu. A bana ɗin mun kai mu talatin masu farauta, mun jeru a saman rumfa, kowa yana yi kamar wani yaron daban ya zo gani. Alhali duk mutum ɗaya muka zo dominsa: Aarni Hakkarainen, lamba huɗu, ɗan baya, mai shekara sha bakwai.

Ni na san Aarni tun yana rarrafe. Ubansa Reijo abokina ne, tare muka yi wasa a ƙuruciya, shi yana gabana yana tare mini raga da jikinsa, kafin ya koma tuƙin motar katako. Saboda wannan kusancin ne ƙungiyata ba ta barina in rubuta rahoto a kan yaron. Duk kakar suka tura ni Cek, wani ke bin sa. Sai aka yi dace matar wancan ta haihu a makon gasar, aka ce in je in riƙe masa. Rabona da ganin Aarni a kan ƙanƙara ya kusa shekara.

Ranar Asabar da ƙarfe biyu namu suka fito karawa da 'yan Latbiya. Na zauna kusa da Sune Bergkvist, mutumin Sweden, wanda ke yi wa wata ƙungiyar irin aikina. Shekara goma sha biyar muna zama tare muna tsokanar juna, don tsakaninmu da mutanen Sweden wasa ne irin na taubasai.

"Ka zo ke nan, gola mai ritaya," in ji shi, bakinsa cike da burodi. "Yau ma za ka yi mini shirun nan naku? Ku dai mutanen Finland, ko gaisuwa sai an matsa muku kamar man goge baki."

"Ai kai ka iya magana ta mutum biyu. Matsa can, ka cinye benci."

"Ka ga ɗan abokinka kuwa? Sau tara na kalle shi bana. Yaron nan ido gare shi har a ƙeya. Haka na rubuta musu, ban rage ba."

Aka saki faifai, ɗan baƙin abin da ake bugawa da sanda a madadin ƙwallo, wasa ya fara. Ko minti ɗaya ba a yi ba na ga abin da ya ɗaure mini kai. Aarni yana gefen hagu. Tun yana ɗan shekara bakwai a dama yake wasa, hannunsa ma na dama ne.

"Yaushe aka mayar da shi hagu?"

"Tun Satumba," Sune ya ce. "Wai shi ya nema da kansa. Kuma ka ga bai rage komai ba."

Gaskiya bai rage ba. Yana zamewa a kan ƙanƙara kamar ba ya taka ta, faifai na manne da sandarsa, yana ajiye wa abokansa shi daidai inda za su isa. A turmin farko kaɗai ya bayar an ci biyu. Mutanen da ke jere da ni sai rubutu suke yi, alƙaluma na gudu.

Amma gola ba ƙafa yake kallo ba. Mu kai muke kallo, don kan mutum ne ke faɗa maka abin da zai yi. Kan Aarni bai zauna ba. Yana ta waiwayen hagu, ba irin waiwayen nan na ɗan lokaci ba, a'a, yakan juya fuskar gaba ɗaya har haɓarsa ta kusa taɓa kafaɗa. In kuma zai juya ya koma baya, kullum ta dama yake juyawa, ko da ta hagu ta fi kusa. Na ƙirga sau goma sha ɗaya. Ban ga ya saɓa ko sau ɗaya ba.

A turmi na biyu faifai ya gangara lungun bayan ragarmu, Aarni ya bi shi. Wani ƙaton ɗan Latbiya ya taho masa ta hagu, a fili, ba ɓoye-ɓoye, taku biyar cur. Duk ɗan wasan da ya hango duka na zuwa, jikinsa kan shirya tun kafin ya yi tunani: kafaɗa ta ɗaga, gwiwa ta lanƙwashe. Aarni bai yi ko ɗaya ba. A sake yake, kamar mai jiran mota. Ɗan Latbiya ya haɗa shi da katanga, gilashin da ke kanta ya yi ƙara har sama, hular kwanonsa ta karkace. Rumfa ta ɗauki ihu.

Ya tashi, ya gyara hula, ya ci gaba. Sune ya yi tafi. "Ka gani? Ƙarfe ne!"

Ni kofi ne ya zube mini a wando ban ji zafinsa ba. Zuciyata ta faɗa mini wani abu, na ce mata ƙarya take yi. Ba zai yiwu ba. Wasa arba'in ya buga bana, a gaban koci da likita da mutum talatin da aka ɗauka aikin kallo kawai.

Namu suka ci huɗu da biyu. Na sauka ƙasa na tsaya a layin da ke kaiwa ɗakin canza kaya. Tun Aarni yana ƙarami muna da wani wasa ni da shi: duk inda na gan shi sai in jefa masa abin da ke hannuna ba zato, makulli ko lemo, shi kuma ya cafe. Bai taɓa bari ya faɗi ba. Na tsinci naɗin baƙin tef da suke naɗe sanda da shi a kan wani tebur, na koma jikin bango ta inda zan kasance a hagunsa.

Ya fito da jaka a kafaɗa, gashinsa a jiƙe. Tsakaninmu bai fi taku uku ba. Na ɗaga hannu, bai kalle ni ba. Na jefa tef ɗin a hankali, irin jifan da za ka yi wa ɗan shekara uku.

Ya same shi a kumatu. Ko ƙiftawa bai yi ba sai da abin ya taɓa shi.

Ya zabura ya juyo da dukkan jikinsa. Muka tsaya muna kallon juna. Idanun nan biyu duk shuɗaye ne kamar na uwarsa, babu tabo, babu ja. Sai dai na damansa ni yake kallo, na hagun kuma yana can ya ɗan kauce, yana kallon abin da babu.

"Kawu Ilpo," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Tun yaushe?"

Fuskarsa ta yi fari fat. Kafin ya buɗe baki koci ya leƙo daga ƙofa yana kiran 'yan wasa su koma ciki, akwai magana. "Ba yanzu ba, Kawu. Don Allah ka jira ni," ya ce, ya shige da sauri.

Da na jira shi. Minti goma ne kacal. Amma jinina ya riga ya hau, kuma na riga na yanke hukunci a kan wanda ke da laifi. Na san Reijo. Na san yadda ya ɗora duk abin da shi bai samu ba a kan yaron nan, yadda yake share masa ƙanƙarar tafkin bayan gidansu kowace safiya tun kafin ya tafi aiki. Na ce a raina, lallai mutumin nan ya sani, ya rufe, yana tura ɗansa cikin ƙartai da ido ɗaya don a ɗauke shi Kanada.

Iyayen 'yan wasa ne ke gasa makkara, wato niƙaƙƙen nama da ake ɗurawa a hanji, a bakin ƙofa suna sayarwa don taimaka wa ƙungiya, kuma ranar Reijo ke kan wuta. Na same shi cikin hayaƙi, da hular ulu da awartakin juya nama a hannu, yana ta washe baki.

"Ilpo! Ka gani ko? Biyu ya bayar! Zo ka ci, na ajiye maka wadda ta ƙone, irin wadda kake so."

Na ja shi bayan rumfar, inda aka tara dusar ƙanƙara. "Kai wane irin uba ne?" na ce.

Dariyar ba ta gama barin fuskarsa ba. "Me kuma na yi?"

"Kada ka raina mini hankali, Reijo. Ka ga dukan da ya sha yau? In wancan ya ƙara masa ƙarfi kaɗan, wuyansa zai karye. In kuma faifai ya sami ɗayan fa? Sanda za ka saya masa ya riƙa lalube?"

"Ɗayan me?"

"Idon! Idonsa na hagu ba ya gani ko kaɗan, kana sane ka bar shi yana shiga!"

Na yi shekaru ina karanta fuskokin mutane, na san fuskar wanda asirinsa ya tonu. Ba ita na gani ba. Reijo ya tsaya baki buɗe, kamar na yi masa magana da wani yare. Awartakin ya suɓuce ya nutse cikin dusar ƙanƙara.

"Ido? Ai ya warke. Tun bara ya warke. Likita ya duba, ya ce ya warke."

Na ji kamar in kamo maganar in mayar da ita cikin bakina.

"Reijo... ba ka sani ba?"

Sai ga Aarni ya zagayo bayan rumfar a guje, ko rigar sanyi bai saka ba. Ya kalli ubansa, ya kalle ni, ya gane. Bai zage ni ba. Ya ajiye jakarsa a ƙasa a hankali.

Reijo ya matsa kusa da shi. Ya ɗaga babban hannun nan nasa ya rufe wa yaron idon dama. "Yatsu nawa na ɗaga?"

"Baba..."

"Nawa, Aarni?"

"Ban sani ba, Baba. Duhu ne."

Hannun ya zame ya faɗo. Reijo ya ja da baya har ya zauna a kan tulin dusar ƙanƙara, mutum mai kilo ɗari da goma, ya zauna kamar an zare masa ƙashi.

A tsaye a wurin Aarni ya ba mu labari, yana kallon takalmansa. A watan Afrilun bara, ranar ƙarshe da ƙanƙarar tafki ke iya ɗaukar mutum, sun fita shi da uban. Reijo yana bugo faifai, shi yana koyon tarewa da sanda. Rana ta fito, sai ya cire hular kwano. Wani bugu ya goge sandarsa ya tashi ya same shi a ido. Ya kumbura mako biyu, ya sabe, likita ya duba ya ce babu komai, amma in ya ga wani canji ya dawo maza. A watan Yuli ya fara ganin wani abu kamar labule yana saukowa daga gefe. Lokacin kuwa saura mako guda a shiga sansanin da ake zaɓen 'yan wasa. Ya ce bari a gama sansani. Aka gama, aka zaɓe shi, ya ce bari a fara kaka. Kafin Satumba labulen ya rufe ruf.

"Na hau jirgin ƙasa ni kaɗai na je wurin likitan ido a birni. Na ce muku wurin aboki zan je. Ya ce da na zo a watan Yuli, da an ɗinke shi. Ya ce in daina wasa, in kuma gaya muku. Na ce zan gaya muku da bakina."

"To gwajin ido na ƙungiya fa?" na tambaya.

"Na tsaya a ƙarshen layi. Mutum ashirin suka karanta allon a gabana, na haddace."

"Wasa arba'in," na ce. "Yaya aka yi?"

"Na koma hagu, katanga ta tsare mini wannan gefen. Sauran kuma kunne ne. Takalmin kowa da ƙararsa. Wani lokaci ina ganin inuwarsu a gilashi. Na yau ne ban ji ba, ihu ya yi yawa."

Ban san abin da ya fi girgiza ni ba, makantar ko wannan. Yaron da ya fi kowa a gasar ƙasashe huɗu, da kunne yake wasa.

Reijo ya ɗago kai. "Me ya sa ba ka gaya mini ba? Ni dodo ne? Na taɓa dukanka?"

"A'a, Baba."

"To me ya sa?"

"Saboda kai ka buga." Sai a lokacin muryar yaron ta karye. "Kumburi kawai na yi, ka kwana uku ba ka ci abinci ba. Ina jin ka a gareji kana magana kai kaɗai. Na ce in ka ji wannan, ba za ka tashi ba. Na ce in aka ɗauke ni, in na tafi can, sai in ce a can ya faru."

Reijo ya yi wani sauti da ban taɓa ji daga bakin namiji ba. Ya rufe fuska da hannuwa biyu. Aarni ya durƙusa a gabansa yana cewa, "Sandata ce ta karkatar da shi, Baba, ni na cire hular, ba kai ba ne." A bayan rumfa wata mata tana ta kiran Reijo, makkara na ƙonewa. Ni kuwa ina tsaye kamar gunki, na rasa inda zan sa hannuwana.

Da Reijo ya miƙe, bai kalle ni ba. Ya cire rigar sanyinsa ya yafa wa ɗansa, ya ɗauki jakar, ya ce, "Mu je wurin koci." Aarni ya ce a bari sai bayan wasan gobe, wasan ƙarshe ne, guda ɗaya tak. Uban ya ce, "Ido ɗaya ya rage mana ni da kai. Mu je."

Ranar Lahadi lamba huɗu bai fito ba. Kafin a gama turmin farko labari ya zaga saman rumfa. Na ga manyan mutane, waɗanda suka yi shekara talatin a wannan aiki, sun yi tsuru-tsuru suna buɗe tsofaffin shafukansu. Sune ya zo ya zauna, yau babu burodi, babu tsokana.

"Sau tara, Ilpo," ya ce. "Sau tara ina kallonsa. Na rubuta yana da ido har a ƙeya, na sa hannu. Me nake kallo duk shekarun nan?"

Ni da na gani, me na yi da ganin?

Da rana na kira shugabana a Kanada na gaya masa. Sai ya ce, "Kana nufin duk abin da muke gani a faifan bidiyo, da ido ɗaya yake yi?" Na ce haka ne. Ya ce, "Ikon Allah." Sannan ya ce a cire sunansa. Na yi musu, na ce yaron da ya iya wannan babu abin da zai gagare shi. Ya ce in gaya wa likitocinsu haka in ga ko za su saurare ni. A watan Yuni aka yi zaɓen 'yan wasan da manyan ƙungiyoyin can za su ɗauka, aka kira sunaye sama da ɗari biyu, babu na Aarni.

Reijo bai sake yi mini magana ba fiye da shekara. In mun haɗu a kanti sai ya juya kekensa na sayayya ya bi wani layin. Matarsa Sirkka ce ta tare ni wata rana a bakin gidan waya ta ce, "Gara da aka sani, Ilpo. Amma ka kira shi mugun uba a ranar da ta fi kowace rana muni a rayuwarsa. Ka ba shi lokaci." Na ba shi. Yanzu mukan gaisa, amma iyakar ke nan.

Aarni ya huta kaka guda. Daga baya wata ƙaramar ƙungiya a arewa ta ɗauke shi, da sanin kowa, da ragar ƙarfe a fuska da sa hannun iyayensa. Yana karatun aikin lantarki da safe, yana atisaye da yamma. A watan Janairun da ya wuce na tuƙa mota awa huɗu na je na kalle shi. Mutanen da ke rumfar ba su fi ɗari uku ba. Bayan wasa muka zauna a kantin filin, ya sayo mana kofi da burodi mai kirfa. Ya ƙara faɗi, ya tsayar da ɗan gemu.

"Wata uku na yi ina jin haushinka, Kawu," ya ce.

"Ka yi kaɗan."

"Ka san abin da zan ce maka ranar, da ka jira ni? Zan roƙe ka ka yi shiru har Yuni. Kuma da ka yi."

"Da ban yi ba."

"Da ka yi mana. Na san ka. Tun ina ƙarami ba ka iya ce mini a'a." Ya gutsuri burodi. "Da kuma na ci gaba da shiga lungun nan har wani ya gama da ni."

Har yau ban san wanda ke da gaskiya tsakaninmu ba. Direban motarsu ya danna hon a waje, ya kurɓe sauran kofinsa a tsaye, ya ce in gaida mutanen gida, ya saɓi jaka ya fita da gudu.